Sabbin magungunan cutar mantuwa: Amurka ta karɓa, Ingila ta ƙi biya, to me binciken ya nuna?

A watan Agusta na 2024 hukumomi biyu na Birtaniya suka fitar da sanarwa a rana ɗaya kan magani ɗaya. Hukumar MHRA, mai ba magunguna lasisi, ta ce za a iya amfani da lecanemab a kan masu cutar Alzheimer da ke matakin farko. Hukumar NICE kuwa, wadda ke auna abin da asibitocin gwamnatin Ingila za su kashe wa kuɗi, ta ce amfanin maganin bai kai tsadarsa ba. Bayan wata biyu aka maimaita irin haka da wani maganin, donanemab. A Yunin 2025 NICE ta sake nazari, ta kuma tsaya kan bakanta. A Amurka kuma an riga an fara yi wa marasa lafiya ƙarin ruwan waɗannan magunguna, inshorar gwamnati ta tsofaffi tana ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin.

Duk wanda ya ji labarin daga nesa dole ya ruɗe. In maganin yana aiki, me zai hana ƙasa mai arziki kamar Ingila ta saya wa tsofaffinta? In ba ya aiki, don me aka ba shi lasisi? Amsar tana cikin alƙaluman gwaje-gwajen da aka yi, da kuma yadda kowane ɓangare yake karanta su.

Mantuwa, gigin tsufa da cutar Alzheimer

Bahaushe yana da kalmarsa ta gigin tsufa, wasu su ce ruɗin tsufa, malamai kuma sukan kawo ayar da ta yi magana kan wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani a da. A fahimtar gida, wannan wani zango ne da duk mai tsawon rai zai iya kaiwa. Likitoci suna kallon abin daban. A wurinsu mantuwar da ke zuwa da shekaru, kamar a manta inda aka ajiye carbi ko sunan wani jika ya ɓace na ɗan lokaci, ba cuta ba ce. Cutar mantuwa ita ce lokacin da tunani, magana, gane hanya ko iya yanke shawara suka lalace har mutum ya kasa gudanar da abin da ya saba: dattijon da ya yi shekara arba'in yana kasuwa ya kasa ƙirga canji, ko gyatumar da ta ɓata a unguwar da aka haife ta. Yawancin masu shekara tamanin ba su da ita.

Cutar mantuwa kuma suna ne na gungu. Alzheimer ce ta fi yawa, tana ɗaukar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Akwai wadda ke zuwa daga lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, sau da yawa bayan shanyewar ɓarin jiki ko hawan jinin da ya daɗe ba kulawa. Akwai wasu nau'o'in da ke fara bayyana da canjin hali ko ganin abubuwan da babu su. A tsofaffi tukuf ma an fi samun biyu ko uku a haɗe cikin ƙwaƙwalwa ɗaya, kuma wannan batu zai dawo idan aka zo kan magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke da cutar a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, kuma kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10.

Yadda ake gwada magani

Sai an fahimci iri biyu na bincike kafin a iya auna labaran da ake ji. Na farko shi ne bibiya: a ɗauki dubban mutane a bi rayuwarsu shekaru, a ga su wa suka kamu. Irin wannan yana nuna alaƙa, amma ba ya tabbatar da sanadi. Idan aka ga masu yawan zumunci ba su cika kamuwa ba, yana iya zama zumuncin ne ke kare su, yana kuma iya zama cutar ce tun tana ɓoye take sa mutum janye jiki daga mutane.

Na biyu shi ne gwaji na ƙuri'a. A raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta, a ba wasu maganin gaske, a ba wasu abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki, ba tare da mara lafiya ko likitan da ke auna shi ya san wanne aka ba wa ba. Bambancin da aka gani a ƙarshe shi ake jingina wa maganin. Wannan ne ma'aunin da hukumomin lasisi suka fi dogara da shi.

A cutar mantuwa akwai ƙarin wahala. Ba a auna ta da awo ɗaya kamar zazzaɓi. Tana tafiya a hankali, shekara goma ko fiye, alhali gwajin magani yakan ƙare a wata 18. Sannan abin da ake nema ba warkewa ba ne. Kowane rukuni yana ci gaba da lalacewa. Tambayar ita ce wanne ya fi jinkiri.

Tarihin amiloyid

A 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya ba da bayanin ƙwaƙwalwar wata mata da ta fara ruɗewa tana da shekara hamsin da 'yan kai. Ya ga dunƙule-dunƙule tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da wasu zare-zare a cikinsu. Daga baya aka gano dunƙulen wani sinadari ne mai suna amiloyid, zaren kuma wani ne mai suna tau. Daga farkon shekarun 1990 ra'ayin da ya mamaye fagen shi ne amiloyid ne ke fara taruwa, shi ke tayar da sauran ɓarnar, saboda haka in an share shi za a tsayar da cutar.

An zuba biliyoyin daloli a wannan hanya, gwaji bayan gwaji yana faɗuwa. Magungunan da ake da su tun da, irin su donepezil da aka amince da shi a Amurka a 1996 da memantine a 2003, suna ɗan rage alamomi na wani lokaci ne kawai, ba sa taɓa tushen cutar.

Sai aducanumab na kamfanin Biogen. An yi masa manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya ya nuna ɗan amfani, ɗaya bai nuna ba. Kwamitin ƙwararrun da ke ba FDA, hukumar da ke ba magunguna lasisi a Amurka, shawara ya ƙi amincewa da shi kusan baki ɗaya, amma a Yunin 2021 hukumar ta ba shi lasisin gaggawa, bisa hujjar cewa yana share amiloyid. Mutum uku suka ajiye muƙaminsu a kwamitin. An sa masa farashin dala 56,000 a shekara, daga baya aka rage kusan rabi, inshorar tsofaffi ta ƙi biya sai ga waɗanda ke cikin gwaji, kuma a farkon 2024 kamfanin ya janye shi. Wannan dambarwa ita ta sa aka tarbi magungunan da suka biyo baya da shakku. Ƙari a kan haka, a 2024 mujallar Nature ta janye wata fitacciyar maƙala ta 2006 kan wani nau'in amiloyid bayan an gano an taɓa hotunan cikinta. Masu kare ra'ayin amiloyid sun ce ginin bai dogara a kan wannan maƙala ba, kuma a wannan suna da hujja, amma amana ta riga ta taɓu.

Abin da alƙaluman suka ce

An gwada lecanemab, na kamfanonin Eisai da Biogen, a kan mutum 1,795 masu shekara 50 zuwa 90, duk a matakin farko, duk an tabbatar da amiloyid a ƙwaƙwalwarsu. A gwajin an riƙa ba da shi ta jijiya duk bayan mako biyu. An auna su da wani ma'auni mai maki 18 da ke duba fannoni shida, daga tunawa da sanin lokaci da wuri har zuwa harkokin gida da kula da tsaftar jiki. Ƙaruwar maki tana nufin ƙaruwar lalacewa.

Bayan wata 18, waɗanda ba su sami maganin ba sun ƙaru da maki 1.66. Waɗanda suka samu sun ƙaru da 1.21. Bambancin shi ne 0.45.

Daga waɗannan alƙaluma aka fitar da jumloli biyu, kuma kowacce gaskiya ce. Kamfani ya ce maganin ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100, domin 0.45 kashi 27 ne na 1.66. Masu shakka suka ce bambancin bai kai rabin maki ba a ma'auni mai maki 18. Ta farkon ce ta yi yawo a kanun labarai, ta biyun ce hukumomin da ke riƙe da asusu suka tsaya a kai. In aka mayar da shi lokaci, ƙiyasin da NICE ta yi amfani da shi ya nuna jinkirin kusan wata huɗu zuwa shida.

Donanemab na kamfanin Eli Lilly an gwada shi a kan mutum 1,736, ana ba da shi sau ɗaya a wata, kuma ana iya dakatarwa idan hoto ya nuna amiloyid ya share. A rukunin da cutar ba ta yi nisa ba ya rage saurin lalacewa da kusan kashi 35 cikin 100 a wani ma'aunin daban. FDA ta ba lecanemab cikakken lasisi a Yulin 2023, donanemab kuma a Yulin 2024.

Haɗarin da ke tattare da su shi ne kumburi da ɗigon jini a ƙwaƙwalwa. A gwajin lecanemab kusan mutum 13 cikin 100 sun sami kumburin, a na donanemab kusan 24 cikin 100. Yawancinsu ba su ji komai ba, hoton ƙwaƙwalwa na MRI ne ya nuna, amma wasu sun yi ciwon kai, jiri da ruɗewa, kuma a gwajin donanemab an danganta mutuwar mutum uku da wannan matsala. Haɗarin ya fi yawa ga masu shan maganin tsinka jini da kuma waɗanda suka gaji wata ƙwayar halitta mai suna APOE4 daga uwa da uba duka. A irin waɗannan kusan ɗaya cikin uku ya sami kumburi da lecanemab. Abin da ya ƙara dagula lamarin, masu wannan gado su ne suka fi kowa haɗarin kamuwa da Alzheimer tun asali.

Matsayin kowane ɓangare

Masu goyon baya, cikinsu da ƙungiyoyin marasa lafiya da likitocin ƙwaƙwalwa da dama, suna cewa wannan ne karon farko da wani magani ya taɓa tafiyar cutar kanta. Suna kawo misalin cutar daji, inda magungunan farko suka ƙara 'yan watanni kawai, amma su suka buɗe ƙofa ga na bayansu. Suna kuma cewa wata shida na gane 'ya'ya da iya zuwa masallaci ko coci da ƙafarka ba ƙaramin abu ba ne, kuma mara lafiya da iyalinsa ne ya kamata su yanke ko za su ɗauki kasadar. Akwai fatan cewa ratar za ta ƙara faɗi idan aka ci gaba da karɓar maganin shekaru, kuma kamfanonin sun fitar da bayanan bibiya da suke ganin suna nuna haka.

Masu shakka suna cewa bayanan bibiyar ba su da rukunin kwatanci na ƙuri'a, don haka ba su da nauyin gwajin farko. Wasu masana suna ganin sai bambanci ya kai kusan maki ɗaya kafin iyali su lura da shi a gida. Suna kuma nuni da cewa illolin maganin suna iya tona wa mara lafiya da likita asirin wanda ke karɓar na gaske, abin da zai iya karkatar da amsoshi a ma'aunin da ya dogara da hira. Sannan an share amiloyid sosai amma cutar ta ci gaba, wanda ke nuna ba shi kaɗai ne ke aiki ba.

Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta bi tsaka-tsaki. A Yulin 2024 ta ƙi lecanemab, a Nuwamba ta sauya, ta amince amma ta cire waɗanda suka gaji APOE4 daga uwa da uba duka. NICE ba ta ce maganin ba ya aiki ba. Aikinta shi ne ta kwatanta lafiyar da za a samu da kowane fam da abin da kuɗin zai yi in an kashe shi a wani wuri. Kuɗin kuma bai tsaya ga kwalbar magani ba. A Amurka an sa wa lecanemab farashin dala 26,500 a shekara a 2023, donanemab kusan 32,000 a 2024, ban da hoton ƙwaƙwalwa na PET ko ɗibar ruwan ƙashin baya don tabbatar da amiloyid, da gwajin ƙwayar halitta, da hotunan MRI a kai a kai, da ɗakin ƙarin ruwa da ma'aikatansa.

Akwai wani alƙalami da ba a cika ambata ba. Da masu bincike na asibitin Mayo a Amurka suka ɗora sharuɗɗan gwajin lecanemab a kan tsofaffin gari masu alamun farko na cutar, kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai suka cika su. Sauran suna da ciwon zuciya, tarihin shanyewar jiki, daji ko wasu tabo a ƙwaƙwalwa. Wato mutanen da aka gwada maganin a kansu sun fi tsofaffin gaske lafiya.

Darasin Ibadan

Ba a yi ko ɗaya daga manyan gwaje-gwajen biyu na lecanemab da donanemab a Afirka ba, kuma baƙaƙen fata ba su kai kashi 3 cikin 100 na mahalarta ba. Ɗaya daga dalilan shi ne da yawansu an sallame su tun wajen tantancewa, ko don wasu cututtuka, ko don ba a sami amiloyid da ya kai ma'auni ba duk da suna da alamun mantuwa. Wannan kansa tambaya ce ta kimiyya: mai yiwuwa a wasu al'ummu lalacewar jijiyoyin jini ta fi taka rawa, kuma maganin share amiloyid ba ya taɓa ta.

Nijeriya tana da hannu a wannan muhawara tun da daɗewa. A 1992 aka fara wani bincike tsakanin Jami'ar Indiana da Jami'ar Ibadan, wanda Farfesa Hugh Hendrie da marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun suka assasa, Farfesa Adesola Ogunniyi ya ci gaba da jagorantar ɓangaren Ibadan. An bi Yarabawa masu shekara 65 zuwa sama a unguwar Idikan, da baƙaƙen fatar Amurka a birnin Indiyanafolis, da tambayoyi iri ɗaya. Sakamakon da aka wallafa a 2001 ya nuna kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke kamuwa da cutar mantuwa, a Indiyanafolis kuma kashi 3.24. Ƙwayar APOE4 tana da yawa a ɓangarorin biyu, amma tasirinta a Ibadan ya yi rauni ƙwarai.

An ba da bayanai daban-daban. Tsofaffin Ibadan na wancan lokaci ba su da yawan kitsen jini, ciwon suga da hawan jini kamar takwarorinsu na Amurka, abincinsu ma daban. Wasu kuma suka yi gargaɗi cewa inda mutuwa ke zuwa da wuri, waɗanda suka kai tsufa zaɓaɓɓu ne masu ƙarfin jiki, kuma mai cutar yana iya rasuwa kafin a zo ƙirga shi. Ko ma wanne ne ya fi gaskiya, binciken ya nuna cewa ba a ɗauko sakamakon wata al'umma a ɗora wa wata kai tsaye.

Wajen aunawa ma haka. Gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa da aka tsara a Turai suna tambayar kwanan watan Bature, su sa a yi lissafin ragi a ka, su ba da fensir a zana siffa. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, wadda ke ƙirga lokaci da watan Musulunci da damina da kaka, tana iya faɗuwa alhali ƙwaƙwalwarta garau. Shi ya sa masu binciken Ibadan suka ƙirƙiro gwajin jera tsinken ashana a madadin zane. A arewa binciken da aka yi cikin gari ba shi da yawa. Wani da aka yi a Zariya, aka wallafa a 2011, ya sami cutar a kusan mutum 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba. Ƙungiyar Alzheimer ta duniya kuma ta ƙiyasta masu cutar a Afirka kudu da Sahara za su tashi daga miliyan 2.13 a 2015 zuwa miliyan 7.62 a 2050, galibi saboda mutane suna ƙara tsawon rai.

Idan gwaje-gwaje za su zo yankin, akwai batun amana. Jama'ar Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da shari'ar da ta biyo baya. A cutar mantuwa matsalar yarda ta fi sarƙaƙiya, domin wanda za a gwada a kansa yana iya fahimta yau ya kasa gobe. Ƙa'idar bincike ta tanadi cewa wakili na iyali ya sa hannu, amma a gida mai mata biyu da 'ya'ya goma sha, tantance wane ne wakilin aiki ne mai zaman kansa.

Binciken rigakafi

Wannan ɓangaren bai sami kanun labarai kamar na magunguna ba, amma a nan aka fi samun abin da talaka zai iya amfani da shi. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston ya lissafa abubuwa 14 a rahotonsa na 2024 waɗanda za a iya gyarawa, ya ce suna da alaƙa da kusan kashi 45 cikin 100 na masu cutar. Sun haɗa da ƙarancin karatu a ƙuruciya, raunin ji, kitsen jini, hawan jini, ciwon suga, ƙiba, shan taba, yawan barasa, ciwon damuwa, buguwa a ka, rashin motsa jiki, kaɗaici, gurɓatacciyar iska da raunin gani da ba a yi wa magani ba.

Wannan kashi 45 yana buƙatar taka-tsantsan. Lissafi ne na abin da zai faru in an kawar da abubuwan gaba ɗaya, kuma in har su ne sanadi na gaske. Yawancin bayanan daga bibiya suka fito, kuma daga ƙasashe masu arziki. Don haka ake komawa gwajin ƙuri'a a tantance.

Hawan jini ne ya fi samun hujja. A Amurka an gwada fiye da mutum 9,000, wasu aka sauke lambar sama ta jininsu ƙasa da 120, wasu ƙasa da 140. Rukunin farko ya sami ragin kashi 19 cikin 100 na raunin tunani mai sauƙi, amma ragin cikakkiyar cutar mantuwa bai kai matsayin tabbaci ba, wataƙila don an tsayar da gwajin da wuri. Sai wani gwaji a karkarar China da aka wallafa a 2025. An raba ƙauyuka 326 gida biyu, mutum kusan 34,000 masu hawan jini. A rabin ƙauyukan an horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba cikakkun likitoci ba ne, suna ba da magani mai rahusa ko kyauta, suna bibiya. Bayan shekara huɗu cutar mantuwa ta ragu da kashi 15 cikin 100. Abin lura shi ne kayan aikin: na'urar awon jini, ƙwayoyin da ake samu a kowane kemis, da ma'aikacin da ya san gidan kowa. Tsarin ya fi kama da abin da asibitin sha-ka-tafi zai iya ɗauka fiye da duk wani abu da aka ambata a sama.

Sauran sakamakon sun fi gauraya. A Finland an sa mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77 cikin shirin abinci, motsa jiki, atisayen ƙwaƙwalwa da kula da jini na shekara biyu, aka ga ɗan ci gaba a makin gwaji, amma wannan bai kai a ce an hana cutar ba. Gwajin na'urar ƙara ji da aka yi a kan tsofaffi 977 a Amurka bai nuna bambanci ba gaba ɗaya, sai a wani rukuni mai haɗari da yawa. A yankin Wales na Birtaniya kuma an sami wani abin mamaki. Allurar rigakafin ƙurajen da ƙwayar ƙarambau ke tayarwa a tsufa an ba da ita ne ga waɗanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1933, aka bar waɗanda suka girme su ko da mako ɗaya ne. Da aka kwatanta ɓangarorin biyu bayan shekara bakwai, aka ga allurar ta rage kamuwa da cutar mantuwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Har yanzu ana jiran gwajin ƙuri'a ya tabbatar.

Abin da ya shafi gida

In aka ɗauki dala a kan naira 1,500, kuɗin lecanemab na shekara ɗaya ya tasam ma naira miliyan 40, a ƙasar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a wata a 2024. Ko mai kuɗin da zai fita waje, sai cutar tana matakin farko, an tabbatar da amiloyid, kuma zai iya zama kusa da asibiti mai MRI na tsawon lokaci. A mafi yawan gidaje kuwa ba a kai tsoho asibiti sai ya fara fita da dare ko ya daina gane iyalinsa, lokacin da waɗannan magunguna ba su da amfani. Duk wanda ya tallata ƙwaya, garin magani ko allura da sunan tana warkar da cutar, ya wuce abin da kowane bincike ya nuna.

Zuwa asibiti da wuri yana da wata fa'ida dabam. Wasu abubuwa suna kwaikwayon cutar mantuwa kuma ana maganinsu: ƙarancin sinadarin B12, raunin aikin maƙoƙo, ciwon damuwa, taruwar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, da illar haɗa magunguna barkatai. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu galibi alamar wata cuta ce kamar ciwon sanyin mafitsara, ciwon huhu ko faɗuwar suga, kuma tana buƙatar gaggawa. Tsohon da yanar ido ta rufe ko kunnensa ya yi nauyi yana iya zama kamar ya ruɗe, alhali duniyar ce ta daina isa gare shi. Magungunan kwantar da hankali masu ƙarfi da akan ba tsoho don ya yi barci kuma bincike ya nuna suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga masu wannan cuta, shi ya sa ƙa'idojin likitanci suka ce kada a fara da su.

Nauyin jinya yana kan mata da 'ya'ya mata da surukai, ba albashi ba hutu. Sanin sunan cutar yana sauya yadda ake fassara hali. Tsohuwar da ke zargin an sace mata kuɗi, ko take maganar matattu kamar suna raye, a wasu wurare ana ɗaukarta mai aljanu, a wasu kuma mayya. A arewacin Ghana har akwai matsugunai irin na Gambaga inda matan da aka kora bisa zargin maita suke fakewa, kuma masu aikin lafiya sun daɗe suna nuna cewa wasunsu marasa lafiya ne.

Abin da ke tafe shi ne gwajin jini. A Mayun 2025 FDA ta amince da gwajin jini na farko da ke taimakawa wajen gano alamun Alzheimer, wanda zai iya rage buƙatar hoton PET mai tsada. Ga ƙasashen da ba su da irin waɗannan na'urori wannan na iya sauƙaƙa bincike, ko da yake sai an tantance ma'auninsa a jinin mutanen Afirka, kuma ciwon ƙoda yana iya karkatar da sakamakon. A lokaci guda kamfanonin da ke yin lecanemab da donanemab suna gwada magungunansu a kan mutanen da ke da amiloyid amma ba su fara mantuwa ba. In gwajin ya yi nasara, muhawarar za ta koma kan auna jinin masu lafiya 'yan shekara sittin, da wanda zai biya. In ya faɗi, ra'ayin da ya ja ragamar fagen fiye da shekara talatin zai sake shiga tuhuma.